Ra'ayinmu: Kundin ɗalibin noma bai ƙare ba sai ya koma ƙauyen da aka ɗauko shi

Duk wanda ya taɓa halartar ranar da ɗalibin jami'a ke kare kundinsa na ƙarshen karatu ya san yadda abin yake. Ɗalibi ya sha sabon ɗinki, malamai uku sun zauna gaban tebur, ƴan'uwa da abokai sun cika ɗaki, wani lokaci har da tsoho ko tsohuwa da suka taso tun asuba daga ƙauye, suna zaune a baya suna saurare ko da ba su jin faransanci. Ɗalibi ya yi bayani na ƴan mintoci, malamai su yi masa tambayoyi, a fitar da jama'a waje, a sake kiransu, a faɗi maki. Sai tafi da guɗa, sai lemu da ɗaukar hoto. Mun sha halartar irin wannan zama, kuma ba mu raina farin cikin da ke cikinsa, domin mun san wahalar da aka sha kafin a kai nan. To amma akwai tambayar da ba mu cika jin malaman sun yi ba, ita ce muke son mu yi a yau: wannan kundi da aka rubuta a kan gonar wani ko awakin wata, shin mai gonar da mai awakin sun ji abin da aka gano?

Amsar, in za mu faɗa wa juna gaskiya, ita ce sau da yawa ba su ji ba. Kundin da ɗalibai ke kira memuwar ana buga shi ƴan kwafi, a yi masa bango mai kyau, a kai ɗaya ɗakin ajiyar littattafai, malami ya riƙe ɗaya, ɗalibi ya sa nasa cikin akwati. Daga nan sai ƙura da gara. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, binciken noma ko na kiwo ba ranar sutanansi yake ƙarewa ba. Yana ƙarewa ne ranar da ɗalibi ya koma wurin mutanen da suka ba shi gona, suka ba shi dabbobi, suka ba shi lokacinsu, ya faɗa masu da harshen da suke ji abin da ya gani, ko da abin da ya gani ɗin shi ne dabarar da ya gwada ba ta fi tasu ba.

Maganar ta fi ƙarfi yanzu saboda yawan ɗaliban ya ƙaru ƙwarai. A da, wanda ke son karatun noma mai zurfi cikin ƙasar nan sai ya tafi Yamai, jami'ar Abdu Mumuni, ko kuwa makarantar horon ma'aikatan karkara ta Kollo. A shekarar 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yau ana koyar da ilimin noma a Yamai, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, da Tawa, da Tilaberi, da Difa. Tsarin karatun nan mai hawa uku da aka shigo da shi ya sa ɗalibi na samun digirin farko, wato lisansi, bayan shekara 3 da cin jarrabawar bak, kuma a ƙarshen shekara ta uku sai ya fita aikin gwaji ya rubuto kundi. Ke nan duk shekara samari da ƴan mata masu yawa na bazuwa cikin ƙauyuka da littafi da biro, wasu da sikeli da igiyar awo. In aka haɗa ƙarfinsu, babu wata ma'aikata ko furoje da ke da ma'aikatan bincike masu yawa haka. Abin takaici ne a ce wannan ƙarfi yana tafiya a banza.

Sai dai kafin a yi zancen mayar da sakamako ƙauye, dole sakamakon ya zama na gaskiya. Nan ne matsala ta farko take, kuma ba laifin ɗalibi ba ne shi kaɗai. Damina ba ta san kalandar jami'a ba. A kudancin ƙasarmu ruwa na sauka wajen watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, kuma hatsi ko da mai saurin nuna ne irin HKP yana son kusan wata 3 a gona. Ɗalibin da zai gwada taki ko iri a kan hatsi dole ya san batunsa, ya sami gona, ya tanadi iri da taki tun cikin bazara. Amma kowa ya san yadda shekarun karatu ke hawa kan juna saboda yajin aiki da jinkirin jarrabawa. Sai ka ga an raba wa ɗalibai batutuwan bincike bayan an yi noman farko, ko ma lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Me ɗalibi zai auna a lokacin? Shuka ta wuce shi, ba kuma zai iya ce wa Allah a maido masa da watan Yuni ba. Abin da ya rage masa shi ne ya jira baɗi, ya rasa shekara guda, ko kuwa ya sauya batu ya koma yin tambayoyi. Mafi yawa tambayoyin suke zaɓa, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Ɓangaren kiwo ma haka yake. Akuya na ɗaukar ciki wata 5, saniya wata 9. Wanda aka ba wata biyu ko uku ya yi bincike a kan haihuwar jar akuyar Maraɗi ko nonon saniyar Azawak ba zai ga farkon abin da ƙarshensa ba, sai dai in akwai rajistar da aka daɗe ana cikawa, kamar yadda ake yi a tashoshin kiwo irin ta Tukunus cikin Filinge ko cibiyar awaki ta Maraɗi. Abin da zai iya yi da hannunsa cikin wannan lokaci shi ne irin gwajin turkar rago, wadda dama wata 3 ne ake yinta gabanin Layya. Malamin da ya san aikinsa yakan auna batu da tsawon lokacin da ɗalibi ke da shi, kamar yadda tela ke auna yadi kafin ya sa almakashi.

Mu ɗauki misali domin mai karatu da bai shiga jami'a ba ya gane abin da muke nufi da bincike na gaskiya. A ce ɗalibi na son ya san ko dabarar nan ta zuba taki ɗan kaɗan cikin gurbin shuka tana da amfani a ƙasar wani ƙauye. Dabarar sananniya ce, masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore da abokan aikinsu sun daɗe suna yaɗa ta: giram 6 na takin 15-15-15, ko giram 2 na takin DAP, a kowane gurbi. In an yi shuka da tazarar mita guda tsakanin gurbi da gurbi, eka guda na ɗaukar gurbi 10.000, ke nan kilo 60 na takin farko ko kilo 20 na na biyun. Ɗalibin ba zai zuba taki a rabin gona ya bar rabi ya ce ya gama ba, domin mai yiwuwa rabin da ya zuba wa takin nan ne Fulani suka kwana da shanu bara, ko akwai gawo a tsakiya. Dole ya yanka gonar ƙanana-ƙanana, ya maimaita gwajin sau uku ko huɗu, ya warwatsa su ta hanyar ƙuri'a, ya bar wasu ba taki su zama shaida. Dole ya ƙirga gurabun da suka tsira, ya rubuta ranar kowane ruwa, ya auna zangarniya da tsaba da kara, domin karan ma kuɗi ne ga mai dabbobi. A ƙarshe kuma ya yi lissafin da manomi ya fi damuwa da shi: tiya nawa aka ƙaru da ita, kuma ta biya kuɗin takin da wahalar duƙawa gurbi-gurbi ko ba ta biya ba?

Wannan aiki ba ya son na'ura mai tsada. Yana son ɗalibi ya zauna a ƙauyen, ya fita gona da sassafe, ya rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi. Kuma ko ya yi komai daidai, damina guda ce ya gani, a gona guda ko biyu. Shekarar da ruwa ya yi gardama bayan shuka, takin da ke jikin iri na iya ƙona tsiro. Shekarar da ruwa ya wadata, sai abin ya yi kyau. Don haka ɗalibin kirki yakan rubuta cewa ga abin da ya samu a wuri kaza, shekara kaza, da ruwa kaza. Amma sai ka buɗe wani kundin ka ga daga gona guda an yanke hukunci a kan jaha sukutum, har ana ba gwamnati shawara.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma gara mu faɗe shi a fili. Wasu alƙaluman da ke cikin kundaye ba a gona aka samo su ba, a ɗaki aka haife su. Ɗalibi ya je ƙauye kwana biyu, ya tambayi mutum goma, ya dawo gari ya cika sauran takardun tambaya hamsin a ƙarƙashin bishiya. Wani ya ɗauko kundin wanda ya riga shi, ya sauya sunan ƙauye da shekara. Babin farko kuwa, wanda ke bayanin ƙasa da ruwa da yawan jama'a, ya zama kamar gadon gida, kowa na kwafa daga na gabansa har da kurakuran. Da zuwan intanet abin ya ƙara sauƙi, yanzu ma ga manhajojin nan masu rubuta wa mutum shafi ashirin kafin ya gama shan shayi. Wani zai ce ai kundin lisansi ne kawai, wa zai karanta? To mu tuna cewa wanda ya rubuta shi gobe shi ne malamin gona na wata gunduma, shi ne za a aika ya ƙiyasta amfanin gona bayan damina, kuma da irin alƙalumansa ne ake sanin ƙauyen da ke cikin giɓin cimaka da wanda ba ya ciki. Waɗanda suka ga shekarar 2005 da ta 2010 sun san abin da ke biyo baya in labarin da ya iso Yamai ya saɓa wa abin da ke cikin rumbu. Hannun da ya saba ƙirƙiro lamba tun yana ɗalibi ba ranar da ya shiga ofis zai daina ba.

A nan malamai masu kula da ɗalibai suna da nauyi. Mun san malami guda na iya riƙe ɗalibai da yawa a shekara, ga koyarwa, ga nasa binciken, ga rashin mota da mai na zuwa ƙauye. Duk da haka akwai abu mai sauƙi da ba ya cin ko dala: a ce wa ɗalibi ya kawo littafin da ya riƙa rubutu a gona, na hannu, mai ƙura da zufa, a ajiye shi kan tebur ranar sutanansi kusa da kundin mai bango. Wanda ya zauna a gona ana gane shi da tambaya biyu. A tambaye shi sunan mai gonar, a tambaye shi wace ciyawa ta fi damunsa. Kuma ya kamata a daina sa wa ɗalibai tsoron cewa in gwaji bai ba da sakamako mai daɗi ba za a rage masu maki. Wanda ya gwada wani magani na gargajiya a kan ƙwarin wake ya tarar ba ya aiki, ya faɗi haka da hujja, ya yi wa manoma aiki, domin ya hana su ɓata kuɗi da lokaci. Tsoron faɗin "bai yi ba" shi ne ke tura yara gyara lamba.

Yanzu mu koma ga mutanen ƙauye, waɗanda su ne dalilin wannan rubutu. Akwai ƙauyukan da ke kusa da gari ko bakin kwalta waɗanda duk shekara sai sun karɓi masu tambaya. A gaida maigari, a tara magidanta a gindin bishiya, a shiga tambaya: eka nawa gare ka, dami nawa ka samu, awaki nawa, mata nawa, ƴaƴa nawa, wata nawa abincinka ke kai ka. Tambayoyi ne masu nauyi, waɗanda mutum ba ya amsa wa ko maƙwabcinsa. Amma saboda kunya da girmama baƙo, sai ya bar aikinsa ya zauna awa guda yana amsawa. Matar gida ta dama fura ta kawo. Baƙo ya rufe littafi ya hau kabu-kabu, shi ke nan, ba a sake ganinsa ba. Baɗi wani ya zo da tambayoyin nan dai. Ba abin mamaki ba ne in mutane sun gaji, ko sun koyi ba da amsar da suke zaton za ta jawo taimako: mai awaki goma ya ce uku gare shi. Ke nan rashin komawa ƙauye yana lalata binciken waɗanda za su zo baya, domin ya riga ya ɓata amana.

Alhali kuwa a ƙasar nan muna da shaidar abin da bincike ke yi in ya koma hannun manomi. Buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake, wanda ake kira PICS, bincike ne ya haife shi, na jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken Afirka, kuma ma'aikatan INRAN na Maraɗi, cikinsu har da masanin ƙwari Ibrahim Baoua, sun taka rawa babba wajen gwada shi da yaɗa shi daga shekarar 2007. Sirrinsa ba wani abu ba ne mai wuya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowane da kyau, ƙwarin da ke cikin waken su shanye ɗan iskan da ya rage, su kasa ci su kasa haihuwa, ba tare da an jefa ƙwayar guba cikin abin da mutane za su ci ba. To yaya aka yi manoma suka yarda? Ba kundi aka miƙa masu ba. An je ƙauye-ƙauye, aka zuba waken mutanen garin cikin buhu a gaban kowa, aka ɗaure, aka bar shi watanni, sannan aka sake tara jama'a aka kwance. Kowa ya sa hannu ya damƙi wake ya duba da idonsa. Ranar kwance buhun nan ita ce sutanansi ta gaskiya, kuma alƙalanta sun fi na jami'a tsanani.

Haka zancen murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi tana bin ta a murɗe. Masu bincike sun gano akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kama da zanzaro, wanda ake kira Habrobracon, da ke harbin tsutsar ya sandarar da ita, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Aka koyi kiwonsa, ana sa shi cikin ƴan ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataye a gonaki lokacin da hatsi ke fitar da kai, ya fito ya bazu. Ɗalibai da dama sun yi kundayensu cikin wannan aiki, suna ƙirga zangarniya da tsutsa a gonakin Maraɗi da Tawa da sauran wurare. Aikin kowane ɗayansu ƙarami ne, amma da yake an ɗora shi kan na wanda ya gabata, kuma manoma na ganin abin da ake yi, sai ya zama gini. Ga kuma sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi, wanda ya fara yaɗuwa daga jahar Maraɗi cikin shekarun 1980 har aka ƙiyasta ya maido da itatuwa a kan eka wajen miliyan 5. Wannan ma daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ya tafi, masu bincike suka biyo baya suna aunawa. Darasin da ke ciki ga ɗalibi shi ne mai gonar ba jahili ba ne da aka zo wa da haske, abokin bincike ne, sau da yawa ma ya riga ka sanin amsar.

Wani zai ce ɗalibin lisansi yaro ne, me ya sani da zai tara dattawa ya yi masu bayani? Kuma in ya faɗi abin da ba daidai ba fa? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman a fannin dabbobi. Misali, dabarar jiƙa kara ko ciyawa da ruwan takin ure a rufe makonni domin ƙara masa amfani tana da kyau, amma in aka kuskure awo, ko dabba ta lashi takin tsurarsa, mutuwa za ta yi. Rago guda kuwa shi ne jarin wata mata gaba ɗaya. Don haka ba mu ce a saki yaro shi kaɗai ya je yana rubuta wa mutane magani ba. A yi zaman tare da malamin gona ko mushen dabbobi na gundumar, bayan malamin jami'a ya duba abin da za a faɗa. Ɗalibi ya faɗi abin da ya auna, ya bambanta shi da abin da yake zato. Sannan a bar mutane su yi masa tambaya. Mun tabbata tambayar da tsohuwa mai turkar balami za ta yi masa a kan tsadar dusa da harawa za ta koya masa abin da bai samu ba cikin shekara uku a aji.

Mun ambaci tsohuwa da gangan. Awaki da tumaki da kaji a ƙauyukanmu yawanci na mata ne, su ne ke ba su ci da sha, su ne suka san wadda ta yi ɓari da wadda ta haifi tagwaye, su ne ke ganin yadda ciwon kaji ke share gari lokacin sanyi. Amma in an tara jama'a don tambaya, maza ne ke zaune a gaba. Ɗalibai mata, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a sassan noma, suna iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. In za a mayar da sakamakon binciken kiwo, to a tabbata ya kai tsakar gida, kada ya tsaya a ƙofar maigari.

Sai batun harshe. Ana rubuta kundi da faransanci, kuma ba mu ce a daina ba, tun da da shi ake karatun. Amma tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sake gina Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. In wannan magana ba a takarda kaɗai za ta tsaya ba, ga wuri mai sauƙi da za a fara: kowane kundin noma ko kiwo ya zo da shafi guda cikin harshen mutanen da aka yi binciken a wurinsu, Hausa ne, Zabarmanci ne, Fulatanci, Barbarci ko Tamashek. Shafi guda tak: me aka tambaya, me aka yi, me aka gani, me manomi zai iya yi da shi. Kada a ɗauka abu ne mai sauƙi. Ɗalibin da ya iya ɓuya bayan manyan kalmomin faransanci, ranar da aka ce ya faɗa da Hausa yadda kakarsa za ta gane, ranar ce za a san ko shi kansa ya gane. Kuma wannan shafi yana da inda za shi. Gidajen rediyon karkara na neman abin da za su watsa. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma ta salula da saƙon murya na WhatsApp, tana kuma tara takardun aikin karkara cikin rumbunta na intanet mai suna Duddal. Minti uku na murya daga bakin ɗalibi na iya kai wa ga mutanen da ba za su taɓa ganin ƙofar jami'a ba.

Ba mu manta da aljihu ba. Ɗalibi da kansa ko iyayensa ke biyan kuɗin mota, da iri, da taki, da abinci a ƙauye, da buga kundi, ga bursu da ba kowa ke samu ba, mai samu ma ba kullum take zuwa kan lokaci ba. Wanda ya yi sa'a ya faɗa hannun wani furoje ko cibiyar bincike yana samun sauƙi, sauran kuwa sai jikkunan da uwa ta sayar da akuya ta aiko. A wasu yankunan kuma rashin tsaro ya sa zama a ƙauye ya zama kasada, kuma babu kundin da ya kai ran ɗan mutum. Saboda haka in muka ce a wajabta komawa ƙauye, dole mu ce a sa kuɗin wannan tafiya cikin lissafi tun farko. Ba kuɗi ne mai yawa ba: kuɗin mota zuwa da dawowa ne da ɗan goro. Furojojin da ke amfana da ƙafar ɗalibai wajen tara masu alƙaluma ba su da hujjar ƙin biya. Hukumomin gundumomi ma, waɗanda dama ke da tsarin raya yankinsu, suna iya cewa ga matsalolinmu uku na bana, ƙuduji ya ci gonakin gabas, albasa na ruɓewa a rumbu kafin ta yi daraja, ƴan awaki na mutuwa da rani, a turo mana ɗalibai, mu za mu ba su masauki. Batun da ya fito daga bakin masu matsala ba ya wuyar komawa wurinsu.

Abin da muke roƙon shugabannin sassan noma na jami'o'inmu bai fi ƙarfinsu ba, kuma ba ya jiran wata sabuwar doka daga Yamai. A raba batutuwan da suka shafi damina tun watan Afrilu, ko da sauran jarrabawa ba ta ƙare ba. A riƙa ɗora ɗalibin bana a kan gonar da na bara ya yi aiki, domin damina uku a wuri guda ta fi gona talatin da aka leƙa sau ɗaya. A ware wani kaso na makin sutanansi ga littafin gona da shafin harshen gida. Sannan kada a sa hannu a takardar shaidar kammalawa sai ɗalibi ya kawo ƴar takarda daga maigari ko shugaban ƙungiyar manoma, tare da sa hannun malamin gona na wurin, mai cewa ranar kaza ya dawo ya yi wa jama'a bayani. Mun san za a sami masu neman sa hannun a tasha ba tare da sun je ba. To, lambar salular maigari na jikin takardar, kira guda ya isa.

Mu ma a namu ɓangaren ba za mu tsaya ga faɗa ba. Wannan fili na Hausa a buɗe yake ga duk ɗalibin noma ko kiwo da ya kare kundinsa: ya aiko mana da shafinsa guda, da sa hannun malamin da ya kula da shi, da sunan ƙauyen da ranar da ya koma can. Za mu gyara rubutun in akwai buƙata, ba za mu taɓa alƙaluman ba, kuma za mu buga shi ko sakamakon ya ce dabarar ta yi, ko ya ce ba ta yi ba.